Littafin Mai Awo

Kafin ya yi suna, tudu ne kawai,
tudun da awakin Rauha ma ke raina wa ciyawa.
Sai mahaƙan ƙarfe na Kelovaara,
mutum goma sha ɗaya da doki mai tari,
suka jawo gungume daga bakin tafki
ran Lahadi, bayan coci, ba da izinin kowa ba.
Ubana Aulis ne ya riƙe igiyar awo.
Ya ce hasumiyar a karkace take tun ranar farko,
amma wa zai faɗa wa mai gatari gaskiya?

Tauno ya fara hawa,
katako biyu ɗaure a ƙafa.
Ya tashi kamar shaho, ya sauka kamar buhun dankali.
Haƙoransa biyu suka shige dusar ƙanƙara,
ba a gan su ba sai da tudu ya narke.
Ubana ya rubuta: mita sha tara, haƙori biyu.

Shafi biyar na yaƙi babu tawada.
Sanyi ya bi mutane har ƙarƙashin bargo,
mata suka hau da zarto cikin dare,
suka sauke hasumiya mataki-mataki,
suka dafa miya da ita.
Ba wanda ya ce uffan. Sai da rai ake wasa.
Su ɗin dai, da maza suka dawo ba duka ba,
suka yi ta jido da bokiti,
su zuba, dare ya daskarar,
su zuba, dare ya daskarar,
har gindin tudu ya zama madubi,
marayu suka koyi sulu da takalman aro.

Na gaji littafin shekarar da aka kafa fitilu.
Rana a nan marowaciya ce, ta leƙo ta koma,
sai ga haske a kan sabuwar hasumiya, ta ƙarfe,
tsofaffi suka tsaya baki buɗe, numfashi na hayaƙi.
A daren wani yaro mai jar hula
ya ba da sunan Veikko, ya hau, ya sako.
Iska ta karɓe shi kamar ta san shi.
Mita sittin da ɗaya!
Da aka fizge hular don murna sai gashi ya zubo:
Sirkka ce, ƙanwarsa, 'yar mai gashin burodi.
Alƙalai suka ce a goge.
Na ce to. Na rufe littafi.
Tawadar na nan har gobe.

Ramin ƙarfe ya mutu, tudu ya ciyar da gari.
Motoci daga kudu, baƙi da tabarau,
kujeru na tafiya a kan waya sama da itatuwa,
kofin gahawa ya kai kuɗin yinin ubana.
Ban yi ƙorafi ba,
ko da na yi, injin ya fi ni murya.

Yanzu ƙanƙara ke saɓa alkawari.
Watan da muke haƙa ƙofa da shebur
ruwa ake yi, tudu baƙi ƙirin kamar an yi masa aski.
Sai mu tara ta bara, tsibi guda,
mu lulluɓe ta da dusar katako,
dusa ta rufa wa dusa asiri
har zafi ya wuce.
Wa ya taɓa jin an yi wa sanyi rumbu?

Jikar Sirkka ce ke awo yau,
da na'ura mai jan ido, ba ta kuskure.
Ni kuwa ina tsaye inda ubana ya tsaya,
ƙafa ɗaya a tabo,
in yaro ya sako, leɓena ya riga allo faɗa.
Jiya na yi kuskure da rabin mita.
Ta dube ni, ta yi murmushi,
ta miƙo hannu, na ba ta fensir.